Furen Kallon-Rana: Yadda Ake Shuka Shi a Garka

A yawancin gidajen ƙasar nan akwai ɗan fili a bayan ɗaki ko a gindin danga, inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da rama da barkono. Wannan darasi ya shafi wani tsiro wanda ya cancanci a ba shi wuri a irin wannan fili, watau furen kallon-rana, wanda 'yan kasuwa suke kira sanfulawa. Tsiro ne dogo, mai kara guda a miƙe, da ganye masu faɗi da kaushi, da ƙaton fure rawaya a bisa kansa mai kama da faifai. Cikin shekara guda yake tsira, ya yi fure, ya yi ƙwaya, ya mutu. Yana ƙawata gida, yana jawo ƙudan zuma, ƙwayarsa kuwa abinci ce ga mutum da kaji. Nomansa ba wuya, amma akwai kurakurai uku da kan jawo hasarar dukan wahala: shuka a inuwa, shuka ba bisa lokaci ba, da sakaci da tsuntsaye.

ASALINSA

Asalin wannan tsiro daga Amurka ta Arewa ne. Mutanen farko na can sun fara nomansa fiye da shekara 4,000 da suka wuce, suna niƙa ƙwayar su yi gari. A ƙarni na 16 mutanen Sifen suka kai shi Turai, inda ya daɗe ana shuka shi don ado kurum. A Rasha ne ya zama amfanin gona sosai. A 1829 wani baƙauye mai suna Bokarev, a garin Alekseyevka, ya gwada matse ƙwayar ya sami mai mai daɗi, maƙwabtansa suka yi koyi da shi. Daga 1912 wani masani, Pustovoit, ya shiga zaɓen iri a Krasnodar, ya yi shekaru da yawa a kan aikin, har man da ke cikin ƙwaya ya tashi daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa wajen kashi 50.

Rasha da Yukren su ne kan gaba wajen nomansa a duniya, shi ya sa yaƙin da ya ɓarke tsakaninsu a 2022 ya ta da farashin man girki a ƙasashe masu nisa. A Afirka ana nomansa da yawa a Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Uganda, da kuma yankin Gadarif na Sudan. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ke kula da bincikensa, ta kuwa fitar da iri masu suna SAMSUN waɗanda suka dace da ƙasarmu.

Kada a rikita shi da wani tsiro mai rassa da yawa da ƙananan furanni rawaya, wanda kan cika gefen hanya a wuraren da ruwa ya fi yawa. Wannan danginsa ne daga Meziko, ba ya ba da ƙwayar ci, in kuwa ya kama wuri da wuya a raba shi da shi.

DALILIN SUNANSA

Tun tsiron yana ƙarami, kafin furen ya buɗe, kansa yakan fuskanci gabas da safe, ya bi rana sannu-sannu har ya fuskanci yamma da maraice, cikin dare kuma ya komo gabas. Dalili shi ne, da rana gefen kara na gabas ya fi saurin tsawo, sai kan ya karkata yamma, da dare kuwa gefen yamma ne ke tsawo, sai ya mayar da shi. Sa'ad da kara ya gama girma wannan juyi yakan tsaya, furen ya tsaya yana duban gabas har ya bushe. A 2016 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka nuna cewa furen da ke duban gabas yakan yi ɗumi da wuri, ƙudan zuma kuma sun fi sauka a kansa da safe, har wajen ninki 5 bisa wanda aka juya ya dubi yamma.

Akwai amfani ga mai garka cikin sanin wannan. In ana so a riƙa ganin fuskar furen daga tsakar gida, sai a shuka shi a yammacin gidan. Wanda ya shuka shi a gindin katangar gabas, ƙeyarsa zai riƙa gani, masu wucewa a waje su sha kallo.

Abin da ido ke gani kamar fure guda, a gaskiya tarin furanni ne. Dogayen ganyen nan rawaya na gefe ba sa yin ƙwaya, aikinsu kiran ƙwari ne. A tsakiya akwai 'yan mitsi-mitsin furanni, waɗanda a babban kai sukan kai 1,000 zuwa 2,000, kowanne kuwa ƙwaya guda yake zama. Sukan buɗe daga gefe zuwa tsakiya, layi-layi, cikin kwana 5 zuwa 10.

ZAƁEN IRI

Iri biyu ne manya. Akwai mai ƙaramar baƙar ƙwaya mai ɓawo marar kauri, wanda shi ne na mai, tsawonsa mita 1.5 zuwa 2. Akwai kuma mai babbar ƙwaya mai zane fari da baƙi, wanda ake soyawa a ci, shi ne ya fi tsawo, yakan kai mita 3 ko fiye. A 2014 wani mutum a Jamus ya rene ɗaya har ya kai mita 9.17, amma wannan aikin gasa ne, sai da aka kafa masa tsani da dogarai. Bayan waɗannan akwai na ado masu rassa, wasunsu ma ba su da garin fure, saboda haka mai neman ƙwaya ya guje su.

Ƙwayar kallon-rana mai maiƙo ce, ba ta jimre ajiya cikin zafi, tsohon iri kuwa yakan ƙi tsira. Kafin shuka a ɗauki ƙwaya 10, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a buɗe. In 8 ko fiye sun tsage, iri ya yi kyau. In ba su kai 6 ba, a nemi wani. Soyayyar ƙwaya ta kanti ba ta tsira ko kaɗan.

WURI DA ƘASA

Sharaɗi na farko shi ne rana. Lalle ne tsiron ya sami hasken rana kai tsaye na awa 6 zuwa 8 kullum. Wanda aka shuka a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko a lungu tsakanin ɗakuna, zai yi tsawo siriri yana neman haske, kansa ya fito ƙarami, iska kaɗan ta kwantar da shi. Kafin a yanke shawara a duba wurin sau uku cikin yini guda, da hantsi da azahar da la'asar, a ga inda inuwa ke faɗuwa. Har wa yau a tuna shi kansa mai yin inuwa ne, don haka kada a dasa barkono ko tumatir dab da shi.

Saiwarsa guda ce babba mai nutsewa, a ƙasa mai laushi takan yi zurfin mita 1.5 ko fiye. Ita ce ke sa ya jure fari fiye da masara. Ƙasar da ta fi masa ita ce mai zurfi, wadda ruwa ke wucewa cikinta, jigawa mai ɗan laka-laka irin wadda gyaɗa da dawa ke so. Ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya. In gindinsa ya kwana biyu ko uku cikin ruwa, saiwa takan ruɓe. Saboda haka a nisanci bakin kwata da inda indararo ke zuba, in kuwa ƙasar tabo ce a yi kunya mai tudu.

Makonni 2 kafin shuka a kaftu wurin da zurfin ɗani guda da rabi, watau wajen santimita 30, a fitar da duwatsu da fasassun tukwane. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki, ko ƙasar tsohon juji wadda aka tsince leda da kwalba daga cikinta, kwando guda ga kowane taki 3 na kunya, a cuɗa da ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, ɗanyen taki mai kara-kara kuma yana kiran gara.

LOKACIN SHUKA

A nan ne yawancin masu gwadawa kan yi kuskure. Kallon-rana yakan yi fure bayan kwana 60 zuwa 70, ya nuna cikin kwana 90 zuwa 120. Yana bukatar ruwa ƙwarai daga kwana 20 kafin fure zuwa kwana 20 bayansa, amma lokacin nuna bushewa yake so. Bayan kansa kamar soso yake, in ruwan sama ya yi ta dukansa sa'ad da ƙwaya ke ƙosawa, sai ya jiƙe ya ruɓe. Dabara ita ce a lissafa baya daga ƙarshen damina, yadda zai yi fure da sauran ruwa, ya nuna bayan ruwa ya ɗauke.

A wajajen Zariya da Kaduna, inda ruwa kan kai Oktoba, a shuka daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshensa. Wanda ya shuka ran 15 ga Yuli zai ga fure wajen tsakiyar Satumba, ya yi girbi a ƙarshen Oktoba. Wanda ya yi gaggawa ya shuka da ruwan farko a ƙarshen Mayu, nasa zai nuna a farkon Satumba, marka ba ta wuce ba, ya tashi a tutar babu. A Kano da Katsina da Sakkwato, inda damina ta fi gajarta, a shuka daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. A Maraɗi da Damagaram a nemi iri mai saurin nuna, a shuka da zarar ruwa ya zauna. Mai rijiya a gida yana iya shukawa a Nuwamba ko Disamba ya yi ban ruwa, sai dai a rani tsuntsaye sun fi matsa masa, gama ba wani abinci a daji.

YADDA AKE SHUKA

A shuka shi a inda zai zauna. Ba ya son dashe, domin in babbar saiwar ta karye ko ta lanƙwashe, tsiron yakan tsumbure. A bari a yi ruwa mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa, sa'an nan a yi rami mai zurfin santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu na yatsa, a sa ƙwaya 2 ko 3, a rufe, a danna da tafin hannu. Tsakanin kunya da kunya a bar santimita 75, watau taki guda. Tsakanin rami da rami, ga irin mai a bar santimita 30, ga dogon iri kuwa kamu guda, wajen santimita 50. Kunya mai tsawon mita 10 za ta ɗauki tushe 20 na dogon iri.

Zai tsira cikin kwana 5 zuwa 10. A waɗannan kwanaki ɓera da kurege da kaji sukan tone ƙwaya, don haka a rufa ƙaya a bisa kunyar har tsiro ya fito. In ya yi mako 2, ya fitar da ganye 4, a yi cira, a bar ɗaya mafi ƙarfi a kowane rami. Mutum yakan ji nauyin cire lafiyayyen tsiro, amma biyu a rami guda kawuna biyu ƙanana suke bayarwa, waɗanda ko an haɗa su ba su kai babba guda ba.

RENO

Makonni 6 na farko su ne lokacin da ciyawa ke iya cin ƙarfinsa. A yi noman farko a mako na 2 ko na 3, a yi maimai a mako na 5 ko na 6, kada a nutsa fartanya kusa da gindi. A wajen maimai a tara masa ƙasa a gindi don ya tsaya da kyau. Daga nan ganyensa zai rufe ƙasa, ciyawa ba ta sake damunsa. Ƙudujin da ke kashe dawa da gero ba ya kama shi.

In an sa takin gargajiya isasshe, ba lalle ne a ƙara na zamani ba. In kuwa ganye ya yi fari-fari, a sa NPK cikin murfin kwalba guda ga kowane tushe, bayan cira, a binne shi nesa da kara da faɗin tafin hannu. A yi hankali da yuriya. In ta yi yawa, ganye ya yi duhu, kara ya yi tsawo ba ƙwari, mai kuma ya ragu cikin ƙwaya.

Wajen ban ruwa, a ba shi da yawa sau 2 a mako ya fi a yayyafa masa kaɗan-kaɗan kullum, domin ruwa mai zurfi shi ke jan saiwa ƙasa. A zuba a gindi da safe, kada a jiƙa ganye da fure. Ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi suna da kyau, amma ban da ruwan wanki mai sabulu da gishiri.

Dogon iri yana bukatar dogari, tun ba inda iskar hadari ke da ƙarfi ba. In ya kai ƙugun mutum a kafa sanda ko gora a gefensa, a ɗaure da tsumma sako-sako, a bar wa kara wurin yin kauri. Igiya mai kaifi takan yanke shi. Garka kuma lalle ta kasance da darni mai ƙarfi, gama akuya guda ta isa ta gama da aikin wata biyu kafin a dawo daga masallaci.

ƘUDAN ZUMA DA ƘWARI

Garin furen kallon-rana yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa sosai. Ƙudan zuma ne ke kai shi daga wannan kai zuwa wancan. Inda ba su, ƙwaya da yawa takan fito holoƙo, ɓawo ba ciki. Saboda haka doka ce kada a fesa maganin ƙwari sa'ad da fure ke buɗe. In ƙudan zuma sun yi ƙaranci, mai garka yana iya taimakawa: da hantsi ya sami tsumma mai laushi, ya shafa fuskar wannan fure a hankali, ya shafa ta wancan, ya bi su duka, kowane kwana 2 har furanni su gama buɗewa. Mai amya a kusa kuwa riba biyu gare shi, ga ƙwaya ga zuma.

Tsutsar nan da ke huda ƙwallon auduga da tumatir tana cin ƙwayarsa tun tana ɗanya. A ƙaramar garka hannu ya isa magani: a duba kawuna da sassafe, a tsince ta, a ba kaji. Haka za a yi wa fara. In ganyen ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, ko ya yi fari kamar an barbaɗa toka, a cire shi a ƙone. In tushe ya yi yaushi gaba ɗaya, aka ga farar fumfuna a gindinsa, a tumɓuke shi duk da ƙasar da ke jikinsa a fitar daga garka. Irin waɗannan cututtuka a ƙasa suke kwana, don haka kada a maimaita shuka shi a wuri guda sai bayan shekara 3 ko 4. A tsakani a sa masara ko dawa.

TSUNTSAYE

Babban abokin gābansa tsuntsu ne. Kurciya da tsirya da jan-baki sukan fara sauka da zarar ƙwaya ta soma tauri, su ci daga gefe zuwa tsakiya, cikin 'yan kwanaki su bar faifai fanko. Mutum-mutumi da gwangwani mai ƙara suna aiki kwana biyu ko uku ne kawai, kāna tsuntsaye su saba. Abin da ya fi tabbas shi ne a rufe kowane kai. Da zarar ganyen fure rawaya sun yi yaushi sun fara zuba, aikin ƙudan zuma ya ƙare, sai a sa wa kan yankin tsohon gidan sauro ko tsumma shara-shara, a ɗaure a wuya. Kada a yi amfani da leda, domin tana tara gumi, kan ya ruɓe. Rigakafi ya fi magani: wanda ya jira sai ya ga ɓawo a ƙasa, ya riga ya makara.

GIRBI DA AJIYA

Alamun nuna su ne: kai ya sunkuya, bayansa ya juya daga kore zuwa rawaya sa'an nan ruwan ƙasa, ganyen ƙasa sun bushe, ƙwaya ta yi tauri ta ɗauki launinta. A yanke kan da wuƙa ko lauje tare da kamu guda na kara, a shanya a kan tabarma ko a bisa rufin ɗaki, fuskar tana sama, a rufa raga saboda kaji da tsuntsaye. Bayan kwana 5 zuwa 7 a goga kai biyu da juna, ko a buga bayansa da sanda a hankali, ƙwaya za ta zube. A sheƙe, a bakace, a sake shanyawa kwana 3 ko 4. In aka ciji ƙwaya ta fashe ƙas, ta bushe. In ta lanƙwashe, da saura. Ƙwayar da ba ta bushe ba takan yi fumfuna, manta ya yi ɗaci. A zuba busasshiyar cikin tulu ko gwangwani mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi inda ɓera ba ya kaiwa.

Irin baɗi a zaɓe shi tun a garka, daga kawuna 4 ko 5 mafiya girma da lafiya, a ɗauki ƙwayar gefe, gama ta fi ta tsakiya cika. Amma in irin da aka saya haɗaɗɗe ne na kamfani, 'ya'yansa ba sa fitowa kamarsa, sai a sayi sabo kowace shekara.

AMFANINSA

Ana jiƙa babbar ƙwayar cikin ruwan gishiri ta kwana, a shanya, a soya a kasko kamar gyaɗa. Tana da maiƙo, da abin gina jiki, da bitamin E. Kada a ba yara ƙanana ita da ɓawo, don gudun shaƙewa. Kaji da tantabaru suna sonta, amma a gauraya da hatsi, kada ta zama ita kaɗai. Inda aka noma da yawa ana matse mai, tunkuzar kuma a ba dabbobi. Busasshen kara yana yin makamashi, tokarsa kuwa a mayar da ita garka.

Gaskiya ɗaya ya kamata a faɗa: tushe 20 ba za su ba da mai cikin kwalbar lita 1 ba. Mai son mai na sayarwa sai ya fita gona, ya kuma tabbatar da mai saye ko injin matsa tun kafin ya shuka. Garka wurin koyo ne. Wanda ya yi damina guda yana lura da kunya ɗaya, ya san lokacin da ya dace da garinsu, ya san tsuntsayen da ke zuwa, ya kuma sami irin da zai faɗaɗa da shi. Mai neman iri ko ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu.

TAMBAYOYI

1. Awa nawa na hasken rana kallon-rana ke bukata kullum, kuma me ke samun wanda aka shuka a inuwa?
2. Don me ba a shuka shi da ruwan farko a wajajen Zariya?
3. Me ya sa ba a yi masa dashe?
4. A wane gefen gida ya kamata a shuka shi in ana so a ga fuskarsa daga tsakar gida?
5. Me ke sa ƙwaya ta fito holoƙo, kuma yaya ake maganin wannan?
6. Yaushe ake rufe kawuna, da me ake rufe su, kuma don me ba a sa leda?
7. Yaya ake gane ƙwaya ta bushe ta isa ajiya?